Saniyar da Kawu Ya Ɗaure Mini

Shekarar da mahaifina ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Bayan an watse daga sadakar arba'in, wata safiya sai ga Kawu, ƙanen Inna, ya shigo gidanmu na Bukkuyum yana jaye da wata farar karsana mai baƙin hanci. Daga rugarsu ya taso, can dajin da ke wajen Nasarawa Burkullu, raɓa ta jiƙe masa wando har gwiwa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya duba tsakar gida bai ga turke ba, ya sari reshen dalbejiya ya feƙe ya kafa da kansa, ya ɗaure karsanar, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, na ɗaure maka."

Dangin Inna Fulani ne, kuma wannan abin da Kawu ya yi suna kiransa haɓɓanaye, wato saniyar da aka ɗaure wa mutum. Mai shanu ne zai zaɓi karsana a garkensa ya kai wa wanda ransa ya so. Za ta zauna a hannun wanda aka kai wa har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne, nonon nasa ne, uwar kuma in ta cika haihuwarta sai ta koma inda ta fito. In ta mutu ba da sakacin kowa ba, ba a biya, ba a ma ta da zancen.

Ni kuwa bakin dangin ubana na ɗauko, Hausawa manoma waɗanda ba sa barin magana sai sun ga ƙarshenta. Na durƙusa na shiga zuba godiya, Allah ya saka, Allah ya ƙara arziki, Allah ya bar zumunci, har Kawu ya fara duban ƙofa kamar wanda ake zagi. Inna ta galla mini harara daga bakin murhu. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wanga, ya isa haka nan. Je ka ɗebo mata ruwa."

A aikace karsanar ta Inna ce, don ni makaranta ta ɗauke ni. Ita ke ba ta dusa da kanwa, ita ke ɓoye mata harawa a kan rumfa, ita ke yi mata faɗa da Fulatanci in ta ture ƙwarya. Ta girma ta haifi mace, ja mai farin goshi. Bayan wani lokaci ta sake haihuwa, wannan karon namiji. A tsakanin haihuwar nan biyu ne na samu shiga jami'a.

Ranar da zan fara tafiya Inna ta tambaye ni, "Mi za ka karanta can?"

Na gyara zama na ce, "Ci gaban ƙasashen duniya, Inna, haɗe da tattalin arziki."

Ta ci gaba da tsintar wake a faifai. Can ta ce, "Tattali dai na san shi. Kai da ko sabulun wanka ba ka iya tattali nai, kai za a ba arzikin mutane?"

Da labari ya kai wa Kawu, tambaya ɗaya ya yi: "Ƙasashen duniya duka?" Aka ce masa duka. Ya ce, "To, Allah shi taimake su."

Sun yi mini dariya son ransu, amma ni wallahi na so karatun nan, ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Motar katako ke kai ni Anka, daga nan in kama wata zuwa Gusau, in ƙara gaba, in isa makaranta jikina duk ya yi tsami, amma washegari ina kujerar gaba a aji. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙorafin da na taso ina jin mahaifina yana yi duk kaka, sai ga shi na same shi rubuce a littattafai. Shi dai abin da ya sani, ya noma auduga, ya kai ma'auna, a faɗa masa farashin da bai san wanda ya yanka ba, sannan ya shiga kasuwa ya tarar yadin da aka saƙa da audugar ya fi ƙarfinsa. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinsa a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, masu noman rake, masu noman ganyen shayi, masu haƙar ma'adinai, duk kukansu iri ɗaya. Ranar da na fara gane haka a ɗakin karatu sai da na rufe littafin na fita waje, don kewar tsohon ta taso mini. Na so a ce yana raye in faɗa masa ba rashin wayonsa ba ne.

Ɓangaren lissafin kam ya gasa ni. Layuka ne a kan allo, wannan ya hau, wancan ya sauka, inda suka haɗu wai nan ne farashi. Na taɓa tambayar malamin ko ya taɓa ganin dillalin shanu ya sa hannu cikin hannun riga yana ciniki da yatsu, ya ce in zauna. Na zauna, na kuma koyi layukan, don ba a ba da digiri saboda iya musu.

Ana saura shekara in gama muka yi wani malami, dattijo daga wata ƙasa maƙwabciya, ba ya jin Hausa ko ta sayen goro. Kwat ɗinsa guda ce, ruwan ƙasa, hannuwanta kullum fari fat da alli. Shi ke koya mana yadda ƙasashe masu hali ke taimaka wa marasa hali, ko da bashi, ko da kyauta, ko da hatsin agaji, ko da masana da ake turowa. Lokacin ma rediyo ba ta da zance sai na ko ƙasarmu ta ciyo bashi daga waje ko kada ta ciyo, don arzikin mai ya fara ja da baya. Ajin kan yi zafi har a riƙa buga tebur, kuma ni ba a bar ni a baya wajen bugun ba.

Dattijon nan yana da wata magana da yake maimaitawa har muka riƙa kwaikwayonsa a ɗakin kwana. Yakan ce masana sun iya auna abin da mai bayarwa ya fitar, sun iya auna abin da mai karɓa ya samu, amma har yau ba su da ma'aunin abin da mai karɓa ke rasawa a lokacin da ya miƙa hannu. Ya ce da idonsa ya ga rijiyoyin da aka haƙa wa mutane kyauta suka bari suka rufta, ya ga dattawan da suka gwammace su kwana da yunwa da su shiga layin hatsin agaji a gaban surukansu. Mu muka ɗauka wannan ta jarrabawa ce, muka haddace ta.

Wata rana ya ce kowa ya kawo misalin taimako daga garinsu. Na tashi na ba da labarin saniyar tsakar gidanmu. Ban rufe baki ba wani abokin karatunmu, ɗan birni mai son a san ya yi karatu, ya ce ai wannan sunansa bashi marar ruwa, an daɗe da rubuta shi, ba wani sabon abu ba ne. Kai, jama'a! Raina ya ɓaci. Na ce masa bashi shi ne wanda in ka hango mai shi a kasuwa kake sauya hanya, ni kuwa in na hango Kawu da gudu nake zuwa in karɓi sandarsa. Na ce wane irin bashi ne in ya mutu a hannunka mai shi ne zai zo yi maka jaje? Muka yi ta sa-in-sa har malamin ya ɗaga hannu.

Bai ce ga mai gaskiya ba, ni ya juyo ya tambaya. Ya ce wa ke ɗaure wa wa? Na ce mai shanu ke ɗaure wa marar shanu. Ya ce kullum? Wanda aka ɗaure wa yau, gobe zai iya ɗaure wa wanda ya ɗaure masa? Ƙarami zai iya ɗaure wa babba? Na ce ban sani ba, ban taɓa gani ba. Ya ce to in na je gida in tambaya, don a nan ne zan gane ko namu ya bambanta da wanda ƙasashe ke yi wa juna, inda mai bayarwa kullum shi ne mai bayarwa. Na ce to. Lokaci ya cika muka fita, na manta da zancen.

A shekarar ce bushiya ta shigo. Cuta ce ta shanu. Saniya za ta fara zubar da hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, ta kama zawo, cikin 'yan kwanaki ta kwanta ba ta sake tashi ba. Muna makaranta muna jin labari a rediyo. Masu allurar dabbobi sun fito, amma allura gari take fara isa, inda mota ke iya zuwa, kafin ta kai daji. Inna ta ja shanunmu da hannunta aka yi musu, ta dawo ta tsare su a gida, ta hana su bin garken gari, ta riƙa yanko musu ciyawa da kanta. Kawu kuwa yana can wajen gulbi da garkensa. Ya ji ana mutuwa a gabas ya kora yamma, ashe cutar ta riga shi isa.

Da aka ba mu dogon hutu na dawo na tarar damina ta zauna. Washegari na ari keke na nufi ruga. Tun daga nesa na san abin ya wuce yadda aka faɗa mini, don ban ji kukan maraƙi ko ɗaya ba. Cikin shingen shanu ciyawa ta fito kore shar, har ta kai ƙugu saboda taki. Dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, yana nan miƙe tsakanin turakunsa, ba komai a jiki. Wata tsohuwar saniya da ta daina haihuwa ce kaɗai ke tsaye a gefe tana korar ƙuda.

Kawu na zaune a gindin marke, sandarsa a kan cinya. Na gaishe shi na yi masa jaje, ya ce, "Lahiya lau. Mai abu ya karɓi abu nai." Sai ya shiga tambayata karatu, wai ko ƙasashen duniya sun fara samun sauƙi. Matarsa ta kawo mini fura ta ajiye ta juya da sauri, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Da na buɗe na ga dalili. Da ruwa aka dama ta. Tun da nake zuwa rugar nan ban taɓa shan fura ba nono ba, na sha ta ina jin kamar ƙaya nake haɗiya.

Na tambaye shi mutanen da ya taɓa ɗaure wa shanu, don ba ni kaɗai ba ne, suna da yawa a dajin nan. Ya ce kowa na nan yadda na gan shi. Wannan ma mun karanta shi: taimakon maƙwabta yana aiki ne in masifa ta faɗa wa gida ɗaya, in ta faɗa wa kowa a lokaci guda ba mai ɗaga wani. A aji na ji daɗin yadda maganar ta tsaru. A gindin marken nan ban ji daɗinta ba.

Sannan ya faɗa mini, da irin muryar da zai ce yau za a yi ruwa, wai za shi Ikko, can kudu bakin teku. Wani ɗan rugarsu da ya riga shi tafiya ya samo masa gadi a gidan wani mai hali. Iyalinsa za su koma wajen dangin matar. An yi masa tayin irin aikin a Gummi ya ƙi, don a kasuwar Gummi in ya shigo dillalai tashi suke yi su tarye shi. Mutumin da bai taɓa kwana a ɗaki mai ƙofar ƙarfe ba, shi ne zai je ya zauna a bakin ƙofar wani yana buɗewa yana rufewa. Na san irin tafiyar nan. Waɗanda suka yi ta daga yankinmu sukan aiko da saƙo a shekarar farko, daga nan sai shiru. Kuma Inna ba ta da wani ɗan'uwa a duniya sai shi.

Ban tsaya wani tunani ba na ce, "Kawu, ai ga shanu can gida. Ka je ka kwashe su duka, na ba ka."

Ya dube ni, duban da bai taɓa yi mini ba. "Sadaka kaka ba ni?"

"Wace irin sadaka, Kawu? Ai daga gare ka suka fito."

"Na ɗaure maka don ka samu, ba don ka aje mini ba." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce rana ta yi, in gaida Adda. Haka yake kiran Inna. Sallamata ke nan aka yi.

Bayan 'yan kwanaki na koma da wata dabarar da nake ganin ba ta da makusa. Na ce to na ji, 'ya'yan nawa ne. Amma uwar fa? Ai tasa ce halak malak, ba wanda zai ce kyauta aka ba shi. Na ce ya zo ya karɓi abarsa.

Ya ce, "Ta cika?"

"Saura haihuwa ɗaya."

"To ba ta cika ba. Wanda yam maido haɓɓanaye ba ta cika ba, ya hwaɗa ma duniya ya gaji da mai ita. Ka gaji da ni?"

Nan fa na hau. Na ce haba Kawu, wannan wane irin fulako ne da zai bar yara suna shan fura da ruwa? Na ce shanu na can suna ƙiba a tsakar gida har Inna na rasa inda za ta shanya tsaba, shi kuma zai tafi ya yi wa wani ƙato gadin mota? Na faɗi wannan, na faɗi wancan, kuma har yau ban ce na yi ƙarya ba. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Karatun ya yi kyau, murya ta buɗe." Ya ƙara da cewa ranar kasuwar Bukkuyum mai zuwa zai biyo ya yi wa Adda sallama, daga nan ya hau mota.

Na tako keken nan zuwa gida ina faɗa ni kaɗai, har wata mata mai itace ta ratse daga hanya, ta ɗauka taɓaɓɓe ne. Na tarar da Inna tana tatsa. Na ce, "Inna, ƙanen nan naki taurin kai gare shi kamar jaki a bakin gulbi." Ba ta ɗago ba ta ce, "Kawunka ne dai." Na lura nonon yana zuba gefen ƙwarya. Ba ta yi kuka ba ranar da aka zo mata da labarin garken gidansu, shanun da ta san uwayensu da kakanninsu, maƙwabta ne suka faɗa mini haka. Amma tun da ta ji maganar Ikko abinci ya daina shiga mata.

Kwanakin da suka biyo baya cikin haushi na yi su. Abin da ya fi ci mini rai, na san matsalar. Na karanta ta, na rubuta ta a jarrabawa, na ci. Ga mai buƙata, ga abin da yake buƙata, tsakaninsu tafiyar hantsi a keke, amma ba hanyar da abin zai bi ya isa gare shi ba tare da ya raba shi da ɗan abin da ya rage masa ba. Kawu ya rasa shanu, abin da ya rage masa shi ne har yanzu shi ne mutumin da ke bayarwa. In na ba shi kyauta na karɓe wannan ma. Ya gwammace ya je inda ba a san shi ba ya zama ba kowa ba, da ya zauna inda aka san shi ya zama abin tausayi. Na fahimce shi sarai, kuma fahimtar ba ta rage mini haushinsa ko kaɗan ba.

Ina yankan ciyawa a bakin fadama wata safiya sai jar karsanar nan ta faɗo mini a rai, wadda saniyar Kawu ta fara haifa. Ta isa ɗaukar ciki, har ta fara neman bijimi. Kuma tawa ce, Kawu da bakinsa ya faɗa. Sai na tuna dattijon nan mai kwat da alli, da Turancinsa mai nauyi, yana tambayata ko ƙarami zai iya ɗaure wa babba. Na bar ciyawar a nan na taho gida da lauje a hannu.

"Inna, ɗa yana ɗaure wa kawunsa saniya?"

Ta bar tuƙin da take yi ta dube ni. Ta ce, "Ban taɓa gani ba." Can kuma a hankali ta ƙara, "Amma ban taɓa jin an hana ba."

"In aka ɗaure wa mutum, yana iya ƙi?"

"Wanda yaƙ ƙi, ya ce ba shi son zumunci da mai ita. Kawunka ba shi hwaɗin haka." Ta nuna ni da muciya. "Amma ka ji ni da kyau, wanga. Ba ka ambaton bushiya. Ba ka ambaton Ikko. Ba ka yi mai fuskar tausan nan taka. Kuma don Allah ka taƙaita, kada ka yi muna lacca."

Har yau ban san inda ta samo kalmar lacca ba. Da yamma na ga ta jiƙa rama, washegari ta zauna tana tufka sabuwar igiya a cinyarta. Ta ce ba za a kai wa ƙanenta karsana da tsohuwar igiya kamar wadda aka tsinto ba.

Ranar kasuwa Kawu ya iso da hantsi. Ya sa rigarsa ta Salla, ya rataya 'yar jaka. Ya biya ta kasuwa ya sayo kayan aikin da aka ce masa ana buƙata, wata doguwar tocila ta ƙarfe da kulki. Sandar kiwonsa ba ta tare da shi. Ban taɓa ganinsa babu ita ba, hannunsa na dama sai neman abin riƙewa yake. Ya ajiye tocilar a kan turmin Inna da ke kife, ya zauna a tabarma, suka shiga gaisuwa da Fulatanci, doguwa, kowa na duban ƙasa. Daga tasha ana jin 'yan kamasho na kiran Anka, Anka, Gusau.

Na zagaya baya na kwance jar karsanar na sa mata sabuwar igiya. Na jawo ta tsakar gida har gaban tabarma, inda turken da Kawu ya kafa da hannunsa yake, ya yi baƙi ya yi santsi. Na ɗaure ta a jikinsa na miƙe.

Na ce, "Kawu, na ɗaure maka."

Sauran maganar ta taso mini har maƙogwaro. Inna ta galla mini harara irin ta wancan karon, na haɗiye.

Kawu bai motsa ba. Bai dube ni ba, bai dubi Inna ba, karsanar yake kallo. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta tsaya cak a bakin zaure, ta kasa shigowa ta kasa komawa. A tasha an tayar da mota. Ni dai na san in ya miƙe ya ɗauki jakarsa shi ke nan, ba ni da wata dabarar kuma.

Ya miƙe. Ya tsallake jakar ya nufi karsanar. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa tozonta, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya zagaya ya duba hantsa. Sai ya yi tsaki.

"Adda, kun lalata ta da dusa. Wagga ko tahiyar yini ba ta iyawa. Saniyar gari ce, ba ta san ƙaya ba."

Inna ta ce, "Sai ka koya mata."

Ya sunkuya ya yi wa karsanar magana a kunne da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi wa shanunsa in zai tashe su da safe. Ta juyo ta lashi hannunsa. Ya daɗe tsaye a haka ya ba mu baya. Da ya juyo idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin murhun Adda ya cika yawa, alhali tun safe aka kashe wutar.

"Ɗan boko."

"Na'am, Kawu."

"Ka san ƙa'ida. In ta cika, kai za ka taho da ƙahwarka ka karɓi abarka. Ba aike ba. Ko kana wace ƙasa cikin ƙasashen nan naka."

Na ce na ji.

"Kuma in tam mutu, ba ni biya."

"Na sani, Kawu."

Bai yi godiya ba, ni ma ban so ya yi ba. Ya kwance igiyar daga turke ya naɗa a hannunsa na dama, ya rataya jakarsa. Ya jujjuya kulkin nan, ya ga zai yi korar saniya kafin ya isa gida, ya tafi da shi. Muka raka shi ƙofar gida. Ya bar titi ya bi burtali, karsanar na tirjewa tana waiwayen uwarta, shi kuma yana ta yi mata faɗa. Motar Anka ta wuce ta gabanmu cike da mutane har bisa kaya.

Da muka koma ciki tocilar na nan a kan turmi. Na ce bari in bi shi da ita, amma Inna ta riga ni ɗauka. Ta danna, ba ta kama ba. Ta jijjiga ta, ta murɗe gindin ta leƙa ciki, sannan ta juyo mini da ita in gani.

Ta ce, "Ko batir bai saya ba."

Ta zauna a kan turmin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da take riƙe da shi tun shigowar bushiya.